Fiyano da kwamfuta: yadda ake sa su ji maganar juna

A Tawa yau da wuya a yi bikin aure ko suna na samari ba a ji fiyano ba, kuma yawancin waƙoƙin da matasa ke kawo mana gidan rediyo a ɗan ɗaki aka haɗa su, da fiyano ɗaya da kwamfuta ɗaya. Kukan da muka fi ji daga bakinsu shi ne, da sun haɗa na'urorin biyu sai fiyano ya yi gum, ko kuma a nemi ganga ya ba da sarewa. Wasu har sun sayar da kayansu da araha bisa zaton sun lalace, alhali gyaran bai wuce taɓa maɓalli biyu ko uku ba.

Abin da ke haɗa su shi ake kira MIDI, wanda ya fito a 1983 bayan Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi, mai kamfanin Roland na Japan, sun nemi a samu harshe ɗaya da na'urorin kiɗa za su riƙa ji. Wayar MIDI ba sauti take ɗauka ba, saƙo take kaiwa kamar ɗan aike: an danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, an sake shi. Kowane maɓalli yana da lamba daga 0 zuwa 127, kuma fiyanon da ya karɓi saƙon shi ke fitar da murya.

Mu da muke aikin rediyo mun san cewa in mai saurare bai kamo tasharmu ba, ko mun kwana muna magana ba zai ji ba. Haka MIDI yake da tashoshi 16. In kwamfuta tana aikawa ta tasha ta 3, fiyano kuma yana jira a ta 1, shiru za a ji. In kuwa aka bar shi a kan tsarin da ake kira Omni, zai kwashe saƙon duk tashoshin ya zuba cikin murya guda, kiɗa ya cakuɗe. A ƙa'idar General MIDI ta 1991 an keɓe tasha ta 10 domin ganguna, shi ya sa wanda ya tura waƙar sarewa can sai ya ji bugu.

Abu na biyu shi ne saƙon sauya murya. Ƙa'idar nan ta jera muryoyi 128, ta farko fiyano zalla. Makaɗi zai ɓata lokaci ya zaɓi muryar da yake so, da kwamfuta ta fara sai ta mayar da shi ta farko. Maganinsa a hana fiyano karɓar wannan saƙo, ko a gyara lambar a cikin kwamfuta. Na uku, in ana jin kowane sauti ninki biyu, to a kashe abin da aka rubuta Local, domin fiyano yana kaɗa kansa, kwamfuta kuma tana maido masa da saƙon da ya aika.

Sai dai abin da ya fi damun mu ya wuce maɓallai. A cikin muryoyi 128 ɗin nan akwai sitar ta Indiya da koto na Japan, amma babu kalangu, babu gurmi, babu goge. Kalangu kuwa da matsa tsarkiya yake magana, muryarsa tana hawa tana sauka. Fiyano yana da ɗan gargare na lanƙwasa murya, amma galibi daga kamfani tazarar maɓalli biyu kawai yake yi sama ko ƙasa. Wanda ya faɗaɗa ta, ya kuma daidaita ta iri ɗaya a fiyano da kwamfuta, shi ke kusantar zancen kalangu. Wanda ya bar ta yadda ta zo, kiɗansa zai yi kama da na kowa.

Ƴan Nijar sun daɗe suna lanƙwasa na'ura ta bi kiɗan gida. Mamman Sani ya fitar da kaset ɗinsa na ogan a Yamai a 1978, tun kafin a san MIDI. Mdou Moctar, ɗan arewacin jaharmu, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da gangunan na'ura irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga salula zuwa salula, har ɗaya ta shiga wani kundi da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar a 2011, daga nan duniya ta san shi.

Don haka muna kira ga samarin Adar masu wannan sana'a, kafin su kai fiyano wurin mai gyara, su duba tashar da yake saurare da saƙonnin da yake karɓa, su rubuta tsarin a takarda domin ranar da wuta ta ɗauke. Kuma su riƙa zama da makaɗan gurmi da kalangu na unguwanninsu, domin a wurinsu ne za su ji iyakar inda murya take lanƙwasa.