Daga Borodino Zuwa Tirmini: Wa Yake Raɗa Wa Yaƙi Suna?

A hutun da na yi a Sabuwa, wani malamin sakandare ya ba ni labarin yaƙin Borodino tiryan-tiryan, amma da na ambaci Tirmini sai ya tambaye ni ko sunan magani ne. Ban yi dariya ba, domin ni ma sai da na girma na san shi.

Mai karatu zai tuna cewa ranar 7 ga Satumba 1812 rundunar Napoleon ta gwabza da ta Janar Kutuzov a Borodino, yamma da Mosko. Mutum wajen dubu 70 aka kashe ko aka raunata a yini guda. Bayan mako ɗaya Napoleon ya shiga Mosko, gobara ta cinye birnin, ya juya a watan Oktoba, yunwa da sanyi suka ƙarasa rundunarsa. Abin da ya fi jan hankalina a matsayina na ɗalibin harshe shi ne suna. Rashawa sun kira yaƙin da sunan ƙauyensu, Faransawa kuwa suka ce yaƙin Moskova ne, don mai ji ya tuna da birnin da suka shiga. Sunan Rashawa ne ya fi yaɗuwa, kuma Tolstoy ya taimaka, domin da alƙalaminsu da harshensu suka ba da labarin.

Mu fa? A 1899 Kyaftin Voulet da Chanoine suka keta ƙasar Hausa. Suka yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu a watan Afrilu, suka yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a watan Mayu. Da Faransa ta aiko Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli, kafin sojojinsu su kashe su biyun a wajen Maijirgi. Ragowar rundunar ce ta karya dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini a ƙarshen watan, ta kama birnin.

Duk wannan ta'asa, a takardun Faransa sunanta "mission", kalmar da ake amfani da ita ga aike ko manzanci. Har gobe masananmu suna kwafe ta haka nan, ba su ce hari ba, ba su ce mamaya ba. Hatta littafin Abdoulaye Mamani na 1980 kan Sarauniya, wanda Med Hondo ya mayar fim a 1986, da Faransanci aka rubuta shi.

Malamin nan na Sabuwa ya roƙe ni littafin Hausa guda kan Tirmini da zai karanta wa ɗalibansa. Na duba kantata, ban samu abin ba shi ba.