Suwidin ba ta kashe "shi" ba: gaskiyar magana a kan han da hen

Na gaji da jin wata magana da ake ta yawo da ita a wayoyi da majalisu, wai ƙasar Suwidin ta kafa doka ta haramta a ce "shi" ko "ita", wai yanzu kowa da kalma ɗaya ake kiransa don a shafe bambancin namiji da mace. Mai faɗa zai girgiza kai, mai sauraro ya yi salati, a tura wa na gaba. Babu wanda ya tsaya ya tambaya: wace doka, wace majalisa, wace shekara? Ba a tambaya saboda labarin ya yi daidai da abin da ake son ji game da Turawa.

Mu fara da kalmar da ake cewa an kashe: wakilin suna na namiji a Suwidin da Norwe da Danmak shi ne han, a Aisland da tsibiran Faro kuma hann. Duk 'ya'yan uwa ɗaya ne, tsohon harshen Nos na zamanin mayaƙan teku da ake kira Baikin. A can ana cewa hann ga mai aikatawa da wanda aka aikata wa, honum ga wanda aka bai wa abu, hans ga mai mallaka. Mutanen Aisland har yau haka suke faɗa, kusan yadda Snorri Sturluson, wanda ya rasu a 1241, ya rubuta a tarihinsa na sarakunan Norwe. Suwidin da Danmak da Norwe suka taƙaita. Suwidin ta ɗauki tsohon honum ta mai da shi honom, ya zama na karɓau gaba ɗaya. Danmak ta tauye shi ya koma ham. A Norwe ana rubuta ham ko han, duk an yarda. Masana sun bi sawun kalmar zuwa wata tsohuwar siga, hānaʀ, kuma daga wannan saiwar ce ta mace ta fito: hon a Suwidin, hun a Danmak, hún a Aisland. Er, wato "shi" na Jamusanci, daga wata saiwa daban yake.

To daga ina jita-jitar ta samo ƙafa? Daga kalmar hen. A 1966 wani masanin harshe, Rolf Dunås, ya ba da shawara a jaridar garin Uppsala cewa harshensu na bukatar kalma ɗaya da za a yi amfani da ita idan ba a san jinsin mutum ba, don a huta da maimaita "shi ko ita" a kowace jimla. A 1994 Hans Karlgren ya sake tayar da maganar a jaridar Svenska Dagbladet. Duniya ta yi kunnen uwar shegu. Sai a 2012, da Jesper Lundqvist ya fitar da littafin yara mai amfani da hen, cacar baki ta ɓarke a jaridu. A 2015 Cibiyar Harshe ta Suwidin ta saka kalmar a bugu na 14 na kundin kalmominta. Hukumar harshe ta Norwe ta karɓe ta a 2022.

Nan ne masu yaɗa labari suka yi tuntuɓe. Kundin kalmomi ba kundin dokoki ba ne. Shigar kalma cikinsa shaida ce cewa mutane na amfani da ita, kuma ga yadda ake rubuta ta. Ba a cire han ba, ba a cire hon ba, suna nan a shafukansu. Dokar harshe ta Suwidin ta 2009 magana take a kan matsayin harshen ƙasa da na ƙananan ƙabilu. Ba ta tilasta wa kowa wakilin suna ba. Buɗe kowace jaridar Stockholm, sarki han ne, sarauniya hon ce. Ba a taɓa kai kowa gaban alƙali don ya ce wa mahaifinsa han ba.

Ba ina cewa babu komai a ƙasa ba ne. Akwai masu son a kira su hen saboda ba su ɗauki kansu maza ko mata ba, an kuma samu makarantun renon yara da suka guji han da hon. 'Yan ƙasar da kansu sun yi jayayya mai zafi a kai. Wanda bai yarda da wannan aƙida ba yana da 'yancin sukarta, amma ya soke ta da gaskiya. Ƙara gishiri don a ci gardama ƙarya ce, ko da a kan wanda ba ka so aka yi ta, kuma addinin da muke tinƙaho da shi ya hore mu da bincika labari kafin ɗauka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne zaton cewa harshe marar "shi" da "ita" alamar lalacewar al'umma ce. Maƙwabciyar Suwidin, Finlan, kalma ɗaya gare ta tun fil azal, hän, ga namiji da mace, kuma ita aka duba aka ƙera hen. Hän da han sun yi kama a ido, amma kama da wane ba ta wane: harshen Finlan dangin na Hungari ne, ba jinin Nos ba. Ba ma sai mun je da nisa ba. Bafulatani o yake cewa ga namiji da mace. Bayarabe ó. Babarbare, abin dariya, shi yake cewa ga duka biyun. Turkanci da Farisanci ma haka suke. Wa zai ce mutanen Maiduguri ko na Tehran ba su san namiji da mace ba? Mu Hausawa ne muka yi nisa a rarrabewa, har muna da kai da ke, alhali ɗan Suwidin du kawai yake cewa ga duk wanda ke gabansa.

Akwai ma sauyin da ya girmi hen da ɗaruruwan shekaru: Suwidin da Danmak sun haɗe jinsin namiji da na mace ga abubuwa marasa rai, suna ce musu den.

Saboda haka, ɗan'uwa, in irin wannan saƙo ya iso wayarka, nemi sunan dokar da shekararta. In babu, kada ka tura. In mai turowa babba ne, ka tambaye shi cikin ladabi inda ya samo. In kai malami ne ko mai magana a rediyo, nauyin ya fi yawa a kanka, domin abin da ka faɗa sau ɗaya dubbai za su maimaita. In kuwa karatu ko aiki zai kai ka can, koyi han da honom da hans, ka yi amfani da su ba fargaba. Za ka ji matasa da mutanen karkara na cewa han a inda littafi ya ce honom. Tsohuwar siga ce, amma kada ka rubuta ta a jarrabawa. In ka ga hen a takardar ofis, yawanci nufinta "ko wane ne". A arewacin Norwe za ka ji ana sa han gaban sunan mutumin da aka sani, kamar han Per, kada ka ɗauka raini ne. A Aisland kuma mota da doki duk hann ne, har yanayin sama ma: in an ce hann rignir, ruwa ake yi, ka nemi rigar ruwa.