Motsin Dole: Yadda Manhajar Ces Ke Rage wa Kanta Aiki

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon dara a gindin bishiya a Kwanar Ɗangora ko Tudun Wada ya san akwai lokacin da gwani ba ya dogon tunani. Abokin karawa ya jera biyu, saura ɗaya ya cika uku ya ci, sai a toshe gurbin kawai. Irin wannan wuri manhajojin wasan ces ke farauta.

Dalilin kuwa lissafi ne. Tun 1950 masanin lissafi Claude Shannon ya ƙiyasta cewa ɗan ces na da zaɓi wajen 30 a kowane motsi. In kowane ɓangare ya taka sau uku, hanyoyin sun kai miliyan 729. Amma idan aka tsare sarki, mafita ɗaya tak ta rage masa, hanya ba ta rabu ba. Manhaja sai ta bi ta, ba tare da ta cire komai daga zurfin da ta ɗibar wa bincikenta ba. In ma a kan allo abin ya faru, nan take za ta taka, ta adana lokacinta.

Wannan mai sauƙin ke nan. Mai wuyar shi ne motsin da doka ba ta tilasta ba, hankali ne ya tilasta: zaɓi talatin na nan, amma ashirin da tara asara ne. A ƙarshen shekarun 1980, Thomas Anantharaman da Murray Campbell da Feng-hsiung Hsu na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka suka samo dabara. A ware motsin da ya fi kyau, a rage ɗan maki daga darajarsa, sannan a duba sauran sama-sama. In babu wanda ya kamo wannan ma'aunin, to na dole ne, sai a ƙara masa zurfi. Da wannan dabara a cikinta kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta kayar da gwanin ces Garry Kasparov a Mayun 1997, tana duba yanayin allo kusan miliyan 200 a daƙiƙa.

A ganina an cika zuzuta saurin nan. Dabarar ma tana da tsada: in aka sassauta ma'aunin, kowane motsi sai ya zama kamar na dole, bincike ya kumbura maimakon ya ragu. Shi ya sa masu gyara Stockfish, manhajar kyauta da ɗalibi a Bebeji ko Doguwa zai iya saukewa a wayarsa, ba sa karɓar sauyin ma'aunin sai an gwada shi a dubban wasanni.