Tarakta Daidai da Gona

Duk wanda ya zaga ƙauyukanmu ya taɓa ganin wata tarakta a ƙarƙashin itace, tayoyinta sun sace, kaji na kwana a cikinta. In ka tambaya, sai a ce maka wata ƙungiya ce ta tara kuɗi, ko ta ci bashi, ta sayo ta. Ta yi damina biyu ko uku, sai ta tsaya, bashin kuwa bai tsaya ba. Sau da yawa laifin ba na injin ba ne. Tun ranar saye aka yi kuskure, domin an zaɓi tarakta kafin a auna gona. Da yake yawancinmu 'ya'yan manoma ne, kuma iyayenmu sukan nemi shawarar mai ilimin boko kafin su fitar da kuɗi, ya kamata mu san yadda ake wannan zaɓi.

Da ƙarfin doki ake auna tarakta. Wani injiniya ɗan ƙasar Sikotilan mai suna James Watt ne ya yaɗa wannan ma'auni, don ya kwatanta injinansa da dawakai. Doki ɗaya daidai yake da wat 746. Akwai 'yar ƙarama mai taya biyu, wadda mutum ke bi a baya yana riƙe da hannuwanta. Ƙarfinta yakan kama daga doki 8 zuwa 15. Akwai ƙanana masu taya huɗu, daga wajen doki 20 zuwa 50, irin waɗanda kamfanonin Kubota na Japan, Mahindra na Indiya da John Deere na Amurka ke ƙerawa. Sannan ga manya, kamar Massey Ferguson 375 mai wajen doki 75, wadda idonmu ya fi sabawa da ita. Wannan sabo shi ke sa mutane su ɗauka cewa duk abin da bai kai ta ba abin wasan yara ne. Ba haka ba ne.

Abu na farko shi ne mu auna gonar. Hekta ɗaya ita ce fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, wato kusan eka biyu da rabi. Kada mu dogara da faɗin baki, gama kowane manomi yana ganin gonarsa ta fi yadda take. Mu cire duwatsu, kwazazzabai da inuwar itatuwa, mu ƙidaya wurin da garma za ta bi kaɗai. Mu kuma lura ko gonar a haɗe take ko a warwatse. Babbar tarakta a ƙananan filaye rabin lokacinta a juyawa yake ƙarewa.

Na biyu, mu yi lissafin lokaci. Ga wata hanya mai sauƙi da ɗan aji ɗaya ma zai iya bi. A ninka faɗin da garma ke yankewa, a mita, da gudun tarakta, a kilomita cikin awa, a raba da 10. Amsar ita ce hektar da za a nome cikin awa ɗaya. A ce garma mai faifai biyu tana yanka mita 0.6, tarakta mai doki 35 na jan ta da gudun kilomita 5. Amsa ita ce hekta 0.3. Sai mu cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda juyawa da tsaye-tsaye, ya rage wajen 0.22. Ke nan gona mai hekta 5 za ta ci awa 23, wato kwana uku. Babbar tarakta mai yanka mita 0.9 da gudun kilomita 6 za ta gama cikin kwana ɗaya da rabi. Tambayar da za mu yi wa kanmu ita ce: ragin kwana ɗaya da rabi ya cancanci ƙarin kuɗin? Ga mai hekta 5, a'a. Amma ga ƙungiya mai hekta 40 lissafin ya canza, domin ƙaramar za ta fi kwana 20 tana kaftu, kuma wanda aka nome wa a ƙarshe ruwan shuka ya riga ya wuce shi.

Na uku, mu duba irin ƙasar da kuma aikin da ya fi nauyi. Jigawa tana da sauƙin ja, amma laka da baƙar ƙasar fadama suna neman ƙarfi. Ana kimanta cewa kowane faifan garma yana bukatar doki 15 zuwa 20, gwargwadon taurin ƙasa da zurfin yanka. Saboda haka aikin da ya fi kowane nauyi cikin waɗanda za mu riƙa yi kowace shekara shi zai faɗa mana girman tarakta. Aikin da sau ɗaya za a yi, kamar tumɓuke kututture, a yi hayar babban inji a gama da shi. Inda ƙasa ke da santsi, ƙaramar tarakta wadda tayoyinta huɗu duka ke ja takan fi wadda ta ɗan girme ta amma tayoyin baya kaɗai ke aiki. Ga mai shinkafa a ƙananan fangalai kuwa, mai taya biyu ta fi dacewa, don babba nutsewa take yi.

Na huɗu, kayan aiki. Tarakta ba garma, ba haro, ba rija, ba tirela, mota ce kawai mai shan mai. Ana maƙala kayan a bayanta ta hannuwa uku, dabarar da Harry Ferguson, ɗan Ailan ta Arewa, ya ƙirƙiro, wadda ta bazu bayan fitowar taraktar Ford 9N a 1939. Waɗannan hannuwa aji-aji ne. Ƙananan taraktoci galibi aji na 1 gare su, manya kuma aji na 2. Tsohuwar garmar babbar tarakta ba lalle ta shiga ƙarama ba, in ma ta shiga, nauyinta na iya ɗaga tayoyin gaba sama. Akwai kuma sandar ƙarfe mai juyawa a baya, wadda ake rubutawa PTO, mai juyi 540 a minti ɗaya, da ke tuƙa injin sussuka ko famfon ban ruwa. Ƙarfin da ke fita ta nan bai kai wanda aka rubuta a jikin injin ba, don haka mu tambayi adadin biyu duka. Mu kuma auna tsakanin tayoyi da tsayin cikinta daga ƙasa. In muna huɗa kunyoyi santimita 75 tsakani, dole tayoyi su bi kwari, ba su taka shuka ba.

Na biyar, kuɗin riƙo. A matsakaicin aiki, mai doki 30 takan sha wajen lita 5 na man gas a awa, mai doki 75 kuma wajen lita 12. In kowace na jan garmar da ta dace da ita, man da hekta ɗaya ke ci bai bambanta sosai ba. Asarar tana zuwa ne lokacin da aka sa babba jan buhu goma, ga tsadar taya, batir da baƙin mai. Ita ma wadda ta yi ƙanƙanta tana da tata hasara: kullum a ƙure take, injin na zafi, kulocinta na ƙonewa. Kafin mu biya, mu je kasuwa mu tambayi kayan gyaranta, mu kuma nemi makaniken da ya san ta. Tarakta mai araha wadda sai an aika ƙasar waje kafin a sami matatar manta, ita ce gobe kaji za su kwana a ciki.

Kada mu manta da rai. Ƙananan taraktoci ba su da faɗi, suna saurin kifewa a gangare. Mu zaɓi mai ƙarfen kariya a bisa kujerar direba, a kuma riƙa ɗaura bel. Kujera ɗaya gare ta, don mutum ɗaya aka yi ta; kada a ɗora yara a gefe.

Wani lokaci amsar gaskiya ita ce kada a saya. Mai hekta ɗaya ko biyu, shanun huɗa ko haya sun fi masa, ko kuwa ya haɗa kai da maƙwabta, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nemi shawarar malamin gona kafin a je wurin dillali, gama dillali abin da ke shagonsa zai yaba.

Saboda haka, ɗalibai, in kun je hutu kuka ji ana shawarar sayen tarakta a gida ko a ƙungiya, ku ɗauki igiyar awo da littafi ku nufi gona. Ku rubuta yawan hekta, irin ƙasa, aiki mafi nauyi, da kwanakin da ake da su kafin shuka. Da wannan takarda a hannu za a shiga kasuwa. Masu iya magana sun ce, daidai ruwa, daidai tsaki.