Sayen kwale-kwalen su daga Makango zuwa Tono: gaskiya da jita-jita

Duk wanda ya tara 'yan kuɗinsa ya ce zai sayi kwale-kwalen su, ba zai rasa masu ba shi shawara ba. A zangon Salaga a ce masa ya sayi babba, a Yendi wani ya nuna masa bidiyo a waya, a Bawku kuma a ce masa ai komai na inji ne. Galibin masu shawarar nan ba su taɓa kwashe ruwa daga cikin jirgi da ƙoƙo ba. Cikin abin da suke faɗa akwai gaskiya, akwai rabin gaskiya, akwai kuma wanda ke iya kai mutum lahira.

Mu fara da maganar da ta fi yawo, wai matsakaicin jirgi ko'ina ya shiga daidai ne. Ba haka ba ne, domin ruwan arewacin Gana ba iri ɗaya ba ne. Dam ɗin Tono da ke kusa da Navrongo, da na Vea kusa da Bolgatanga, ruwa ne a tsare, mai gaɓa kusa. Ɗan kwale-kwale na mutum biyu da filafili ya ishe su. Farin Volta da ke ratsa ƙasar Bawku ya gangara Pwalugu da Yapei, da rani tsibiran rairayi ne, sai jirgi marar nauyi mai shimfiɗaɗɗen ciki wanda mutum biyu za su iya ja. Amma a watan Agusta ko Satumba, idan aka buɗe dam ɗin Bagre a Burkina Faso, kogin nan kan zama wani abu dabam, ya ci gonaki, ya taho da itatuwa. Haka Oti da ke gabas da Yendi yake cika ya janye. Tafkin Volta kuwa, daga Makango ka hango Yeji, wannan kusan teku ne: faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 8,500. Jirgin da ake kira matsakaici a Makango, a Tono ƙato ne da ba shi da aikin yi. Ruwan da za ka yi su a cikinsa shi ke zaɓa maka jirgi.

Sai maganar cewa babban jirgi ba ya kifewa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: jirgi mai faɗi da dogon gefe ya fi jure igiyar ruwa, musamman a tsakanin Maris da Mayu, lokacin da hadarin farkon damina kan taso da iska ba sallama. To amma manyan haɗurran da aka yi a tafkin nan yawancinsu da manyan jirage aka yi su. A watan Afrilun 2006 wani jirgi ɗauke da mutanen da aka tasa daga dajin Digya ya nutse, aka yi asarar rayuka masu yawa. Girma bai cece shi ba. Abin da ke tsare jirgi shi ne tazarar da ta rage tsakanin bakinsa da fuskar ruwa bayan an gama lodi. Shi ya sa hukumar kula da sufurin ruwa ta Gana take sa a zana layin lodi a jikin jiragen haya, sojojin ruwa kuma suke tsayawa a mashigai irin su Yeji da Dambai da Kete Krachi. Masunci ya riƙa tuna cewa nauyin da ya fita da shi ba shi zai dawo da shi ba. Jiƙaƙƙiyar raga ta fi busasshiya nauyi nesa ba kusa ba, ga kifi, ga ruwan da ya taru a ciki.

Ana kuma cewa an riga an cire kututturan tafkin, yanzu hanya fes take. Nan ne ya kamata a tsaya a yi bayani. Lokacin da aka gama dam ɗin Akosombo a 1965, ruwa ya haɗiye dazuzzuka a tsaye, ba a sare su ba, aka tashi mutane kimanin 80,000. Itatuwa masu tauri ba sa saurin ruɓewa a ƙarƙashin ruwa, har yau suna nan a tsaye. Gaskiya ne a 2006 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Kanada domin yankan katako daga cikin tafkin, kuma gaskiya ne daga baya an share wasu hanyoyin tsallaka fasinja, har da ta Yeji zuwa Makango. Sai dai hanyar fito daban, wurin su daban. Masunci ba ya kafa kalli a kan hanyar jirgin fito. Lungu yake shiga, inda karfasa da kurungu da ragon ruwa ke fakewa, kuma a gindin kututturan nan suke fakewa. Shi ya sa masunta da yawa ba su ma so a cire su. Ƙari a kan haka, ruwan tafkin kan hau ya sauka da mitoci a shekara. Kututturen da ka gani tsirara a watan Yuni ka kauce masa, a watan Nuwamba yana nan taki ɗaya ƙarƙashin ruwa, ba ka ganinsa. Don haka kaurin katakon ƙasan jirgi da ƙarfin haƙarƙarinsa sun fi fenti da suna muhimmanci.

Wannan ya kawo mu ga inji. "Maigida, sa masa arba'in ka huta," haka yaran bakin ruwa kan ce. Yamaha mai ƙarfin doki 40 inji ne na ƙwarai, babu musu, kuma shi ya dace da jirgin da ke jigilar kwandunan banda zuwa kasuwar Yeji. Amma jirgin katako mai nauyi yana da iyakar gudun da tsawonsa ya yanka masa. Ka wuce nan, sai gindinsa ya nutse, hancinsa ya ɗaga, mai ya yi ta ƙonewa a banza. Mai doki 40 idan aka buɗe masa wuta kan sha kusan lita 20 a awa guda, mai doki 15 kuwa bai kai rabin haka ba. Ga matsakaicin jirgi mai mutum uku ko huɗu da raga, 15 ko 25 ya wadatar. Gudu kuma shi ke mai da karo da kututture ya zama fashewa. Ƙwararrun matuƙa ba sa kulle ƙafar inji a irin wannan ruwa, suna barinta sake, don in ta bugi itace ta yi sama maimakon ta ɓalle allon baya. A kuma auna tsayin allon nan kafin a sayi inji, domin akwai mai doguwar ƙafa, akwai mai gajeruwa. In ba su dace ba, farfela ko dai ta riƙa kaɗa iska ko ta riƙa noman laka.

Batun man firimis, wanda gwamnati ke sayar wa masunta da rahusa ta hannun kwamitocin bakin ruwa, wai kullum za ka same shi, rabinsa gaskiya ne. Ana kai shi tafkin Volta, ba bakin teku kaɗai ba. Amma zuwansa ba shi da tabbas, kuma kukan karkatar da shi ya daɗe. Wanda ya yi lissafin ribarsa a kan farashin firimis kaɗai zai sha mamaki ranar da ya koma gidan mai. Abin da ƙarya ne tsagwaronta shi ne wai kowane inji yana shan sa. An gauraya shi da baƙin mai ne domin injin da ke buƙatar gauraye. Sabon inji mai tukunyar baƙin mai daban, firimis ba abincinsa ba ne.

Su kuma jiragen alminiyam da ake gani a bidiyo, na masu kamun kifin walleye a tafkunan Minnesota da Kanada, kyawawa ne, amma an ƙera su ne don mutum biyu ko uku masu fatsa, a ja su da mota a kai gida da yamma. Wannan kifin ma babu shi a ruwanmu. Jirgin alminiyam in ya tsage sai mai walda na musamman, na fiba kuma sai an nemo sinadarin liƙi daga birni, ko da yake shi ba ya ruɓewa. Na katako kuwa kafintan ƙauye zai gyara shi da allo ɗaya da ƙusa da kwalta kafin la'asar.

Katakon ma ba ɗaya ba ne. Wanda Asantawa ke kira wawa, wanda ake fafe manyan jiragen teku da shi, ba shi da nauyi kuma ya fi araha, amma yana saurin ruɓewa. Odum da maɗaci sun fi shi ƙarko, sun fi shi nauyi da tsada. Masu cewa sabon jirgin da ke yoyo aikin banza ne sun yi gaggawa: busasshen allo sai ya sha ruwa ya kumbura kafin haɗin ya matse. Tsohon jirgi mai yoyo ne abin tsoro, musamman wanda aka yi wa sabon fenti ana gobe kasuwa. Ka sa a kife shi a gaɓa. Ka ɗauki tsinin wuƙa ka danna a ƙasan ciki, da gindin haƙarƙari, da inda ake ɗaura inji. In ta shige kamar a cikin dafaffiyar doya, ka riƙe kuɗinka. Ka duba kan ƙusoshi, in tsatsa ta yi musu baƙin zobe to allon ya fara sakinsu. Sannan ka nemi a bar jirgin ya kwana a ruwa bayan an kwashe shi tas, da asuba ka zo da kanka ka ga abin da ya tara.

Magana ta ƙarshe ita ce wadda masunta da kansu suka fi riƙewa, wai rigar ruwa ta fasinja ce, ɗan su ai ya iya iyo. Ya iya, amma iyo a gaɓa daban yake da iyo a tsakiyar tafki cikin dare, da raga a naɗe a ƙafa, ko bayan allo ya bugi kai. Sai a sa kuɗin riguna huɗu cikin lissafin jirgin tun ranar ciniki, tare da filafili biyu da bokitin kwasar ruwa.