Dokin Dogon Zango

Ga fili ga mai doki, in ji Hausawa. To akwai filin da sukuwa ɗaya ba ta cinye shi. A jihar Kalifoniya ta Amurka, tun 1955 ake gasar Kofin Tevis: mahayi ɗaya, doki ɗaya, kilomita 160 cikin awa 24, daga kusa da tafkin Tahoe a keta duwatsu da kwazazzabai har garin Auburn. Wajen rabin waɗanda suka tashi ne kawai ke kaiwa.

Wanda ya saba da ingarman hawan salla, mai tudun gindi da sheƙin gashi, zai iya raina dokin da ke cin wannan gasa. Galibi dokin Larabawa ne, ɗan madaidaici, shafaffen ciki, mai siririyar fata wadda ke saurin fitar da zafi. Larabawan sahara na da labarin baka a kansa: wai an hana wasu goɗiyoyi ruwa a doguwar tafiya, aka sake su a bakin tafki, suna dab da kafa baki sai aka busa ƙahon kira. Biyar ne suka juyo da ƙishirwarsu, kuma wai daga cikinsu dawakan asali suka fito.

Labarin yana da daɗi, amma mahayin yau dokin da ke shan ruwa a kowace mashaya yake nema. Cikin zafi doki na iya zubar da gumi lita 10 zuwa 15 a awa guda, kuma guminsa ya fi na mutum gishiri nesa ba kusa ba. Shi ya sa wani lokaci jikinsa ya bushe amma ƙishirwa ba ta taso masa ba, sai an mayar masa da gishirin. A nan ina da magana da masu barga na gida. Kanwa tana da gurbinta a kiwonmu, amma ba ta maye gurbin gishiri ga dokin da ya wuni yana gumi. Abin da ya fita a gumin ba duka ne ke cikin kanwa ba, tana ma iya ƙara dagula masa jini.

Sirrin dokin nan a cikinsa yake. Tumbinsa ƙarami ne, bai cika wuce lita 15 ba, kuma doki ba ya amai. Abin da ya shiga ya shiga. Allah ya halicce shi ya riƙa tsinkar ciyawa kusan awa 16 a yini. Can baya kuwa akwai babban hanji inda ciyawa ke jiƙa tana riƙe ruwa mai yawa, tamkar salkar da matafiyi ya rataya, jiki na tsotsa daga ciki in tafiya ta yi nisa. Don haka harawa da ingirici su ne tushe, a kan hanya ma ana barinsa ya ci. Dawa, gero da dusa ƙari ne, kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Masu gasa kan zuba ɗan mai a abincin, domin yana ba da ƙarfin da ke daɗewa. Wanda ya ɗura wa doki hatsi alhali yana ɗaure a turke, ciwon ciki ko ciwon kofato yake gayyata, ko kuma ranar da aka ɗora sirdi naman cinyoyin ya sandare.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Zuciya da huhu kan ginu cikin 'yan watanni, har mahayi ya ruɗu ya ce doki ya isa. Jijiyoyin ƙafa sun fi haka jinkiri, ƙashi kuwa sai a shekara biyu ana gininsa. Kilisa ce maganin: tafiya da sassarfa mai tsawo, hawa da gangara, yashi da tsakuwa, sannan ranakun hutu, waɗanda a cikinsu ne jiki ke ɗinke abin da aiki ya ɓarka. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Dokin mai baki ya fi gudu, amma a wannan gasa baki ba ya aiki. A kowane zango likitan dabbobi na jira. Zai saurari bugun zuciya, wanda a ƙa'idar gasannin duniya sai ya sauko 64 a minti kafin a wuce. Zai tsunkuli fata ya ga saurin komawarta, ya danna dasashi, ya kasa kunne a kwiɓi ya ji ko hanji na motsi, sannan a sa dokin sassarfa a duba ɗingishi. Wannan doka tana burge ni ƙwarai, domin doki dabba ce mai biyayyar da za ta iya kashe kanta saboda mai ita.

A Tevis, washegarin gasa ana sake fito da dawakai goma na farko. Wanda ya fi sauran lafiya da kuzari shi ake bai wa Kofin Haggin, kuma mahaya da yawa sun fi kwaɗayinsa a kan kofin wanda ya riga kowa isowa.