Idan makullin mota ya cije a hanyar Kuyello

Duk direban da ke jigila tsakanin Kuyello, Birnin Gwari da Funtuwa ya san akwai wuraren da ba a son mota ta tsaya, musamman in magariba ta kawo jiki. Tun bayan sulhun watan Nuwamban 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, motoci sun ƙaru a hanya. Da yawansu tsofaffi ne irin Golf 3, wadda aka fara ƙerawa tun 1991. Mota mai irin waɗannan shekaru, ba abin mamaki ba ne wata rana a zira makulli ya ƙi juyawa.

Sau da yawa laifin ba na makullin ba ne, na sitiyari ne. Akwai wani ɗan ƙarfe da ke kulle sitiyari da zarar an zare makulli, saboda ɓarayi. In aka ajiye mota tayoyin gaba a karkace, ko taya ta tokare dutse ko bakin kwalbati, nauyin motar sai ya danne ƙarfen nan ya hana shi komawa. Maganinsa kyauta ne: a ja sitiyarin zuwa ɓangaren da yake ɗan motsawa, a riƙe shi a haka, sannan a murɗa makullin a hankali. Abin da ƙarfi bai yi ba, wannan zai yi shi cikin daƙiƙa biyar.

Masu otomatik su leƙa giya, ta zauna daram a kan P. A wasu motocin, in giyar ba ta zauna ba ko batir ya mutu, makullin ba ya fita.

Daga nan sai ƙura. A cikin ramin makullin akwai wasu ƙananan faranta da sifirin, kowanne sai haƙorin makulli ya ɗaga shi daidai kafin ya ba da hanya. Ƙurar hunturu da ta hanyar burji na shiga ta daskare a tsakaninsu. A nan mutane ke tafka kuskure, wani ya ɗiga baƙin mai, wani har man gyaɗa. Yau zai buɗe, bayan 'yan kwanaki man ya haɗu da ƙura ya zama laka. Fensirin ɗan firamare ya fi su amfani: a goga bakinsa a haƙoran makullin, a zira a zare sau da yawa. Kafin nan a haska ramin da tocilan waya, wani lokaci tsinke ne yara suka cusa.

Filaya kam haramun ce. Makulli ya karye a ciki, aiki ya koma na bakanike, kuma wataƙila sai an kai Funtuwa.

In haƙoran sun side, sifiya ita ce mafita, kuma rataya tulin makullan gida da na shago a jikin na mota na ƙara cinye ramin. Amma motocin da suka biyo baya suna da ƙaramin cif a kan makullin, wanda kwamfutar mota ke tantancewa. Makullin da aka yanka a kasuwa ba cif zai iya juyawa sarai, inji kuwa ya ƙi tashi ko ya tashi ya mutu nan take.

Masu dogaro da YouTube su tuna 2021, da aka katse sabis a yankin Birnin Gwari na tsawon makonni. Gara a sauke bidiyon gyaran irin motar a waya tun daga gida. Su kuma masu ɗora hoton makulli a sitatus don murnar sabuwar mota, ƙwararre na iya yanka irinsa daga hoton da haƙoran suka fito sosai.